Kunyar Makaɗi Da Kunyar Mai Gyara

Mai karatu, ko ka taɓa ganin mutum ya tsaya gaban taro, ya rataya jitar lantarki a kafaɗa, ya gyara tsayuwa, ya kai hannu ya kaɗa tsirkiya da iyakar gwanintarsa, amma ka ji shiru, ko ƙis? Sai ya shiga dube-dube, ya harari mai kula da lasifika, ya girgiza waya, ya buga ƙafa. Can sai wani yaro ya matso ya nuna masa da yatsa: ashe shi ne bai murɗa makunnin murya na jikin jitar ba. Jama'a su bushe da dariya, shi ma ya yi yaƙe ya ci gaba da kiɗansa. Kafin a tashi daga taron an manta.

Irin wannan kunya ba ta kwana. Akwai wata kuma da ke bin mutum shekara da shekaru, kuma a kan ta nake son mu tattauna a wannan wata. Tambayar ita ce: kunyar da muke ji idan mun yi kuskure, shin gyara mu take yi ko ɓata mu? Mu Hausawa mun tashi da sanin cewa kunya ado ce, addini ma ya sanya ta cikin imani. To ya aka yi ita wannan kunyar take sa mutumin kirki ya shirga ƙarya? Ba a littafi na tsinci wannan tambaya ba. A kaina abin ya faru.

Lokacin ina saurayi na yi gyaran rediyo da rakoda a wani ɗan shago a Gusau. Maigidana da ya koya mani aikin, da tsufa ya kama shi ido ya fara rauni, sai ya koma garinsu Bunguɗu ya bar mani shagon. Wata rana da hantsi wani Buzu mutumin Nijar, mai aikin gadi a unguwarmu, ya shigo da jita a nannaɗe cikin bargo. Ya ce muryarta na yankewa, ga shi gobe zai yi wasa a bikin auren ɗan'uwansa a Tsafe. Yadda ya kwance bargon nan a hankali ya isa ya gaya maka ba shi da wata dukiya da ta wuce ta.

Kada ka yi mamakin jita a hannun Buzu. Mdou Moctar, makaɗin Nijar da duniya ta sani yanzu, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinanmu. A 2015 har fim ya fito a ciki, wanda aka ɗauka a Agadas. Mu a nan mun fi sabawa da kotso da taushi da kukuma, ƙasar da ta haifi Salihu Jankiɗi a Rawayya da Musa Ɗanƙwairo a Bakura, amma maƙwabtanmu na arewa sun daɗe da mayar da jita tasu.

Bari in ɗan yi maka bayanin yadda abin ke aiki, don ka gane girman wautar da na tafka. A ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta motsa a samansa sai ta haifar da wata 'yar wuta mai rauni, ita ce ke bin waya ta je amfilifaya a ƙara mata ƙarfi. Shi ya sa wanda ya ɗaura mata tsirkiyar roba zai kwana yana kaɗawa lasifika bai ce uffan ba. A kafar da ake soka waya kuma, wayoyi biyu ne rak: ɗaya mai ɗaukar sauti, ɗaya ta ƙasa, wadda ke haɗe da tsirkiyoyi da duk ƙarafan jitar, tana kwashe hayaniya. Aikina bai wuce in liƙe waɗannan biyun da suka tsinke ba.

Ranar babu wuta. Na gasa ƙarfen dalma a garwashi kamar yadda muka saba, na liƙe su, na ɗaure kusoshi. Ba halin in jona ta da amfilifaya in ji. Da yamma ya dawo ya ce, “Malam, ka gwada ta?” Na dube shi, na tuna shagon nan yanzu nawa ne, kuma ana cewa yaron ya gaji maigidansa. Sai na ji bakina ya ce, “Na gwada, ras take.” Ya biya ni, ya kuma roƙe ni in raka shi bikin don in taya shi haɗa kaya.

Washegari bayan la'asar, a wani tsakar gida a Tsafe, an shimfiɗa tabarmi, mata na guɗa, an tayar da janareton haya wanda wani yaro ɗan shekara kamar goma sha biyar ke kula da shi. Mutumina ya naɗa rawaninsa, ya soka waya. Yana ɗora yatsu a kan tsirkiya sai lasifika ya saki wani ruri kamar an shaƙe bijimi. Ya ɗaga hannu, rurin ya ragu. Ya mayar, ya dawo. Yara suka fara dariya, manya suka bi. Wata tsohuwa ta ce ko aljanu ne a cikin abin. Ya gwada sau uku, sau huɗu, gumi na tsattsafo masa ta ƙarƙashin rawani, dangin amarya na kallo.

Wallahi tun a ruri na biyu na san abin da ya faru. Na juya wayoyin nan ne, ta sauti na kai gurbin ta ƙasa, jikin makaɗin ya zama eriya mai kwaso duk hayaniyar wutar da ke wurin yana turawa cikin lasifika. Gyaran minti biyar ne in da garwashi da dalma, dalmar kuwa na cikin aljihuna. Sai wani daga cikin 'yan biki ya ce, “Ai janareton nan ne, wutarsa ba ta da kyau.” Aka juyo gare ni, tunda ni ne masani. Na gyaɗa kai na ce, “Zai iya yiwuwa.” Nan take aka yi ca a kan yaron. Aka zage shi, aka ce ya kwashe tarkacensa, aka hana shi cikon kuɗin haya. Yana rantsuwa yana cewa jiya ma an yi biki da shi lafiya lau, ba wanda ya saurare shi. Aka ƙarasa biki da tafi da kiɗan ƙwarya.

A mota kan hanyar komawa Gusau, mun zo daidai dutsen Kwatarkwashi, mutumin nan ya dafa ni ya ce kada in damu, ai ni na yi iya ƙoƙarina. Ban taɓa jin kalmar alheri ta yi mani ɗaci kamar wannan ba.

To mai karatu, tsaya mu lissafa. Juya waya kuskure ne, doki mai ƙafa huɗu ma yana tuntuɓe, kuma duk mai gyaran da ya ce bai taɓa yi ba, ka binciki maganarsa. Rashin gwadawa sakaci ne, ko da yake ina da uzurin rashin wuta. Amma “na gwada” da “zai iya yiwuwa” ba hannuna ne ya yi su ba, zuciyata ce. Kuma abin da ya tura ni ga duka biyun abu guda ne: kunya. Kunyar a ce ban iya ba. Ka ga ashe abin da muke kira kunya kala biyu ne da suka yi tarayya a suna. Akwai wadda ke duban aikin, ta ce wannan bai dace da ni ba, bari in gyara. Akwai wadda ke duban idon mutane kawai, ita kuwa ba ruwanta da gyara, muddin ba a gani ba. Ta farkon ce malamai ke yabo. Ta biyun girman kai ne ya ari rigar kunya.

Na san za ka iya cewa, ai tarihin jitar kansa cike yake da kurakuran da suka zama alheri. Gaskiya ne. A 1951, a birnin Memphis na Amurka, ƙungiyar Ike Turner ta je naɗar waƙar Rocket 88 da amfilifayar da lasifikarta ta lalace a hanya. Aka cusa mata takardu, jitar Willie Kizart ta fito da wata irin gurɓatacciyar murya, aka bar ta a haka, waƙar ta shiga tarihi. Haka kuma a waƙar Don't Worry ta Marty Robbins da ta fito a 1961, wani sashe na na'urar naɗar sauti ne ya samu matsala, kiɗan Grady Martin ya fito a dakushe. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya zauna ya ƙera na'urar da za ta riƙa fitar da wannan sauti da gangan, aka fara sayar da ita a 1962, daga baya makaɗa suka yi ta rububinta. Amma lura da abu ɗaya. A duka biyun ba a ɓoye lalacewar ba. An ji ta, an san daga inda ta fito, sannan aka zaɓi a amfana da ita. Da injiniyan nan ya ce laifin mai shara ne, da ba a ƙera komai ba. Kuskuren da aka binne ba ya koya wa kowa komai, har shi mai shi.

Za ka kuma iya cewa, to ina rufin asiri? Ashe dole sai mutum ya yi shelar aibinsa a kasuwa? A'a. Abin da ke tsakaninka da Ubangijinka, ka rufe, ka tuba, ba a ce ka tallata ba. Amma a tsakar gidan nan na Tsafe asirina bai rufu a banza ba, da mutuncin wani aka rufe shi. Laifi kamar kaya ne, in ka ƙi ɗauka ba ya zama a ƙasa, sai an aza wa wani, kuma kusan kullum wanda ya fi kowa rauni a wurin ake aza wa. A shago yaron shago, a gida 'yar aiki, a masana'antarmu ta fim kuwa kun fi ni sani: darakta ya manta bai duba sauti ba, a ce mai riƙe makirfo ne, furodusa ya cinye kuɗin aiki, a ce edita ne ya ɓata fim. Da zarar haƙƙin wani ya shiga, maganar rufin asiri ta ƙare.

Kwana uku na kasa sukuni. Na karɓi jitar da sunan zan sake dubawa, na hau mota zuwa Bunguɗu wajen maigidana, wai ko zai gano wata matsala daban da za ta wanke ni. Na same shi a zaure. Ya kwance kusoshi biyu, ya kusanto da kafar wayar dab da idonsa, ya shafa da yatsa. Bai ɗau minti ɗaya ba ya ce, “Wa ya liƙa wagga waya?” Na ce, “Ni ne, Baba.” Ya ce, “Ka gwada ta?” Na yi shiru. Ya ce, “Ɗana, ni ma na taɓa ƙone amfilifayar wani mutum, 'yar Amurka ce mai cin wuta 110, na soka ta ga tamu mai 230, ta yi hayaƙi gaban mai ita. Wata shida ina biya. Amma mutumin nan har ya bar garin ga bai kai ma wani gyara ba sai ni.” Ya miƙo mani jitar ya ce in gyara da hannuna, in kuma kai da bakina.

Na gyara, na gwada, na kai. Na gaya wa Buzun komai tun daga “na gwada”. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce jitar ya yafe, dariyar da aka yi masa ma ya yafe, amma na yaron nan ba shi ke da ikon yafewa ba. Na koma Tsafe ranar kasuwa na nemi mai janareton. Aka ce ai tun ranar ya sallami yaron, ya koma ƙauyensu, ba wanda ya iya gaya mani wane ƙauye. Na biya cikon kuɗin hayar, na faɗa wa maigidansa gaskiya, ya ce to, in ya gan shi zai gaya masa. Har yau ban san ko saƙon ya isa ba.

Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe. Da na ce “ku dakata, laifina ne” a tsakar gidan nan, da an yi mani dariyar minti biyar irin ta mai jitar da ya manta makunnin murya, a kawo garwashi, a ci gaba da biki. Na guje wa minti biyar, ga shi na yi furfura ina tuna fuskar yaron da ban ma san sunansa ba. Makaɗi ya fi mu sa'a, domin kuskurensa a bainar jama'a yake fita, lasifika ba ya rufa wa kowa asiri, sai ya sha kunyarsa nan take ya huta. Mu masu aiki a bayan fage, mai gyara, marubuci, edita, malamin asibiti, ma'aikacin ofis, mu ne ke da damar ɓoyewa, kuma nan jarrabawar take.

Don haka in ka ji fuskarka ta yi zafi bayan ka yi kuskure, kada ka yi saurin yarda da wannan zafin. Tambayi kanka: aikin nake jin kunya ko idon mutane? Sannan ka waiga ka duba wa ke tsaye kusa da kai wanda ba shi da bakin kare kansa. Allah ya ba mu kunyar da ke gyara, ya kuma yafe mana haƙƙoƙin bayinsa da muka ɗauka, waɗanda muka sani da waɗanda muka manta. Amin.