Allurar Da Babu Ruwan Magani A Cikinta

Yau wata tambaya nake so mu juya tare: shin macen da ta buɗe baki ta ce bayanta yana ciwo, rashin haƙuri ta yi?

Abin da ya kawo tambayar shi ne irin tarbiyyar da aka yi mana. Tun muna ƙanana ake gaya mana mace ta ƙwarai ba ta raki. Wadda ta yi kuka a wajen haihuwar fari, ai ta shiga bakin kakanni da abokan wasa ke nan har ta yi furfura. Ranar kai amarya kuwa nasihar ɗaya ce, yi na yi, bari na bari, haƙuri maganin zaman duniya. Duk gaskiya ne. Amma fa a cikin haƙurin nan mun cusa har da abin da ba nasa ba.

Ki dubi matar aure a nan Magami, ko a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu. Tun assalatu tana tsaye. Ta yi surfe, ta yi daka, ta ja ruwa a rijiya, ta yi wanki a duƙe, ta yi shara da 'yar gajeriyar tsintsiya, ga goyo a baya, wani lokaci ga wani a ciki. Da dare in ta kwanta ƙugu ya riƙe, wuya ya sanƙare, kafaɗa kamar an ɗora mata dutsen niƙa. In maigida ya tambaya, sai ta ce "lafiya lau." Haka za a kwashe shekara goma.

To, akwai wata irin allura da wasu likitocin gashi suke amfani da ita, wadda nake ganin akwai darasi a cikinta game da wannan shirun namu. Siririya ce ƙwarai, ba ta da rami, ba a ɗura mata ruwan magani ko ɗigo ɗaya. Iri biyu ce. Ta farko ta mutanen Sin ce, ana kiranta akufanca, sun fi shekara 2,000 suna yin ta, kuma sun ƙididdige gurabe 361 a jikin ɗan Adam inda ake soka ta. Ta biyu ita ake ce wa busasshiyar allura, ita kuma daga likitocin Turawa ta fito. Wata likita a Amurka, Janet Travell, wadda ta duba Shugaba Kennedy saboda ciwon bayansa, ta shafe shekaru tana nazarin wani ɗan ƙullutu da yake ɗaurewa a cikin tsoka, wanda in an danna shi zafin yakan harba zuwa wani wuri dabam. Da farko ruwan kashe zafi ake tsira wa ƙullutun. A 1979 sai wani likita a Cekoslobakiya, Karel Lewit, ya nuna cewa sukar allurar kanta tana kawo sauƙi ko da babu komai a cikinta.

Ga inda darasin yake. Allurar nan ba ta san hanya ba. Likita zai bi tsokar da yatsa yana dannawa yana tambaya, "Nan ne? Ko nan?" Sai mai ciwo ta ce "yauwa, nan ne, shi ne yake hawa mini har ka," sannan a soka, tsokar ta ɗan zabura ta saki. In kika yi shiru irin na kunya, kika ce ko'ina daidai ne, to aikin ya lalace tun ba a fara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ashe maganin daga bakinki yake farawa.

Kada kuma na yi miki zuƙi-ta-malle, allurar ba ta da wani siddabaru. A ƙasar Jamus an yi wani babban gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2007, a kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Waɗanda aka yi wa allurar Sinawa yadda ake yin ta, kusan 48 cikin ɗari sun sami sauƙi. Waɗanda aka ɗan soka wa sama-sama a wuraren da ba nata ba, 44 cikin ɗari. Waɗanda aka bi da su ta hanyar da aka saba, 27 cikin ɗari. Kin ga tsakanin ta gaske da ta sama-sama babu wani nisa. Masana har yau suna muhawara a kan dalili, amma da yawansu suna ganin wani kaso na sauƙin yana zuwa ne daga zaman da ake yi da mai ciwo, a saurare shi, a taɓa wurin, ya sa rai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a jagorar da ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta ce ana iya yin allurar a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyi, tare da motsa jiki da ilimantar da mai ciwo.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ko a ƙasar masu manyan na'urori, a saurari mutum ma magani ne. Mu kuwa mun hana kanmu wannan, mun sa masa suna haƙuri.

Abin mamaki, inda ya kamata mu yi haƙurin a nan muke gaggawa. Wadda ta yi shekara goma ba ta gaya wa kowa ba, ita ce za ta aiki yaro kemis a ɓoye, a haɗo mata ƙwayoyi ja da fari da ruwan ɗorawa a ƙulle a leda, ko ta sa a yi mata allurar kashe zafi, don a ganinmu in ba a tsira allura mai ruwa ba, ba a yi magani ba. Magungunan kashe zafi irin su diclofenac, in aka lizimce su, suna cin ciki su jawo olsa, suna kuma taɓa ƙoda. Tiramol kuwa kama mutum yake yi. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 suna shan irin su tiramol da kodin ba bisa ƙa'ida ba, kuma a cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwaya ɗaya mace ce. Wata ba neman maye ya kai ta ba, ciwon ƙugu ne da ta rasa wanda za ta gaya wa.

Wata za ta ce, "To ai ciwo kaffara ne, kuma uwayenmu sun yi fiye da haka ba su yi ƙorafi ba." Haka ne, mai haƙuri da ciwo yana da lada. Amma neman magani bai taɓa rage ladan nan ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an yi masa ƙaho, ya kuma biya wanda ya yi masa. Uwayenmu ma ba zama suka yi ba, suna kiran wanzami ya yi ƙaho, a yi gashi da ruwan zafi, a yi tausa da man shanu. Haƙuri shi ne kada ki yi fushi da hukuncin Ubangiji, kada ki huce a kan 'ya'ya da abokiyar zama. Ɓoye ciwo har ya kwantar da ke, wannan zaluntar kai ne, kuma zaluntar yaran da za su rasa mai dafa musu.

Na san fita ba ta da sauƙi. Ga neman izini, ga kuɗin mota, ga fargabar hanyar Gusau zuwa Magami da Ɗansadau da ta sha fama da 'yan bindiga. Don haka in Allah Ya ba ki ikon zuwa, kada tafiyar ta tashi a banza. Ki je babban asibiti, irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ki bari likita ya duba ki, ki tambayi sashen gashi. In kunyar namiji kike ji, ki nemi a haɗa ki da mace, ko ki shiga da 'yar'uwarki. Ki faɗi komai. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ba na jira ba ne, kuma ba na allura ba ne.

In kuma an ce za a yi miki busasshiyar allurar, ki tabbata mai yin ta ma'aikacin lafiya ne da ya koya, kuma a gabanki aka fasa sabuwa daga takardarta. Allurar da aka maimaita tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau, wadda aka soka ba daidai ba a ƙirji ko gadon baya tana iya huda huhu. Ki faɗa in kina da juna biyu, ko kina shan maganin tsinka jini.

Daga nan ne haƙuri na gaskiya zai fara. Za a koya miki motsa jiki ki riƙa yi kullum, a ce ki ƙara wa tsintsiya tsawo, ki ɗora bahon wanki a kan kujera, ki durƙusa da gwiwa in za ki ɗauki tulu. Sauƙin ba a kwana ɗaya yake zuwa ba, sai an yi makonni. Wannan shi ne haƙurin da zai amfane ki.

Ku kuma uwaye, in 'yarku ta ce wani wuri yana mata ciwo, kada "raguwa" ta zama kalmar farko. Ku tambaye ta, "Ina ne? Nuna mini." Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalam.