Yunwar Yaro Da Mutuncin Budurwa: Wa Za A Tambaya?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ga wata tambaya da ta cancanci malaman Gwandu da Kalgo su zauna a kanta. In yaro ya kwana da yunwa cikin gari, ko budurwa ta lalace a wurin talla, wa Allah zai tambaya ranar gobe? Uban kaɗai, ko har da maƙwabcin da rumbunsa ke cike?

Asalin nauyin dai yana kan uba. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta yanka shekara 2 ga mai son cika shayarwa, ta kuma ɗora wa uba ci da suturar mai shayarwa gwargwadon hali. Likitoci sun zo sun tarar da hikimar. Sun ce kwana 1,000 na farko, watau daga shigar ciki har yaye, su ne lokacin ginin jiki da ƙwaƙwalwa, kuma yaron da ya tsumbure a nan da wuya ya rama.

Amma in uba ya kasa, ceton mayunwaci ya zama farillar kifaya, wadda in kowa ya bari, kowa ya yi zunubi. Mutanen Kabi kuwa ba su da hanzari, domin ƙasarsu ta shinkafa ce. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin lamunin manoman shinkafa cikin 2015. Zakkar amfanin gona sananniya ce: kashi 1 cikin 10 ga na damina, rabin haka ga na ban ruwa, muddin ya kai nisabi. Gwamnatin Tarayya ta fara ciyar da 'yan firamare cikin 2016, amma kwanon makaranta ba ya kai wa ɗan goye.

Yunwar nan ita ce ƙofar ɗaya matsalar. Gidan da babu cefane shi ke aza wa yarinya faranti, ba ta dawowa sai bayan lisha. Can take haɗuwa da mai sayen kayan gaba ɗaya, alhali ba kayan yake so ba. Shari'a ta yarda saurayi ya ga wadda zai aura da sanin waliyyinta, ta umarci a nemi izinin budurwa, ta haramta kaɗaita. To, amma yaya uba zai tsare wannan iyaka alhali abincin darensa daga farantin 'yarsa yake fitowa?

Wani zai ce shiga sha'anin gidan wani shisshigi ne. Lalle an hana leƙen asirin mutane, amma ba a taɓa hana kai tuwo maƙwabta ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya haɗa gyaran addini da lafiyar jiki cikin littafi guda, Masalihul Insan. Nana Asma'u kuma ta aika jajoji ƙauyuka suna koya wa mata addini da zaman gida.

Saboda haka ya kamata masallacin kowace unguwa ya yi rumbun zakka, a fara da masu ciki da masu goyo. Makarantun Islamiyya na mata su koyar da kunun gero da gyaɗa da waken soya, da miyar zogale. Dattawa kuma su riƙa zama da samari, musamman a Kalgo, inda Jami'ar Tarayya da aka kafa cikin 2013 ta tara matasa daga ko'ina, a koya musu neman aure da mutunci. Wa'azin kamun kai ya fi shiga kunnen wanda ya ƙoshi.

Allah ya shirya zuriya, ya yalwata arziki, amin.