Ruwa a Ƙarƙashin Mai: Tsarki, Tsabta da Haƙƙin Mai Saye

Safo, ƙaramar hukumar da ke kudu da birnin Maraɗi a gundumar Madarunfa, tana cikin ƙasar da gyaɗa ta daɗe da zama ginshiƙin arzikinta, kuma har yau mata suna soya gyaɗa, su kai niƙa, su matse tunkuza su fitar da mai, sannan man ya koma kasko inda ake toya ƙosai da fanke da awara da ƙuli-ƙuli da kifin tafkin Madarunfa. Da yake mai shi ne mafi tsada a jarin mai suya, ba a gaggawar zubar da shi, sai dai a tace, a ƙara sabo a kan tsoho, a ci gaba. Daga nan ne tambaya ta addini take tasowa, wato yaushe ne mai yake fita daga halin da ya halatta a ci shi ko a sayar da abin da aka toya da shi, kuma idan ya fita, shin ruwa yana iya mayar da shi? Wata tukunyar suya ta zamani, wadda ake zuba ruwa a gindinta mai kuma a samansa, ta sake buɗe wannan mas'ala da malaman Malikiyya suka yi saɓani a kanta fiye da shekara dubu da suka wuce.

Tukunyar, wadda masu abincin sayarwa suke amfani da ita a ƙasashe irin su Barazil da Japan, ta dogara ne ga abu biyu da kowace mai girki ta sani, wato mai ba ya narkewa cikin ruwa, kuma ya fi shi sauƙin nauyi, domin lita ɗaya ta man gyaɗa ba ta wuce giram 920 ba, alhali litar ruwa tana kai giram 1,000. Ana kafa ƙarfen da ke ba da zafi a cikin man, nesa da ruwan, kuma tun da mai mai zafi sama yake hawa, sai saman tukunyar ya kai digiri 170 zuwa 190 a ma'aunin Salshiyas, gindinta kuma ya zauna da sanyi. Ɓarɓashin ƙullu da ke faɗowa daga abin da ake toyawa yana nitsewa ya sauka cikin ruwan maimakon ya ƙone ya baƙanta man, daga baya kuma a buɗe famfon da ke ƙasa a zubar da ruwan tare da dattinsa. Haɗarin yana nan ne inda amfanin yake, domin ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma idan ya zama tururi girmansa yana ninkuwa kusan sau 1,700, saboda haka muddin zafi ya isa gare shi, ko aka girgiza tukunyar har ya haɗu da man da ke sama, zai yi tsartuwa ya watsa tafasasshen mai a kan na kusa. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ba a kashe gobarar kasko da ruwa, sai dai a rufe shi da murfi a janye wuta.

Asalin hukuncin mai a shari'a shi ne hadisin Nana Maimuna, Allah Ya ƙara mata yarda, wanda Imamu Buhari ya rawaito, inda aka tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, game da ɓeran da ya faɗa cikin man shanu, sai ya yi umarni a jefar da shi da abin da ke kewaye da shi, a ci sauran. Malikiyya sun ɗauki wannan a kan daskararren mai, suka bambanta shi da narkakke. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ya bayyana a Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, cewa narkakken mai ko zuma da ɓera ya mutu a ciki ba a cin su, ko da yake ana iya kunna fitila da man a wajen masallaci. Muhtasar na Shaihu Halil ya ƙara da cewa irin wannan mai ba ya karɓar tsarkakewa kuma ba a sayar da shi, sai dai a amfana da shi ta wata hanya, masu sharhi kuma suka ba da misali da yin sabulu. Ƙuda da kiyashi ba su shiga wannan hukunci ba, domin mushen abin da ba shi da jini mai gudana ba najasa ba ne.

Sai dai malamin Ibn Abi Zaid kansa, wato Ibnul Labbad wanda ya rasu a shekarar 944, yana ganin ana iya wanke mai, kuma hanyar da aka naƙalto daga gare shi ita ce a zuba ruwa a kan man, a girgiza su sosai, a huda gindin mazubin ruwan ya fita, a maimaita har zato ya rinjaya cewa najasar ta gushe. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, yana da ra'ayi makusancin wannan. Hujjar waɗanda suka ƙi ita ce ruwa ba ya iya kaiwa ga kowane sashe na mai, wasu kuma suka fayyace cewa saɓanin ya tsaya ne ga najasar da ba ta da maiƙo, kamar fitsari, amma mai maiƙo, kamar kitsen mushe, tana cakuɗuwa da man ta yadda ruwa ba shi da iko a kanta. Ilimin sinadarai ya gaskata wannan rarrabewa, domin ruwa yana kwashe abin da ke narkewa cikinsa ne kawai.

Wanda ya dubi siffar tukunyar zamani, ga mai a sama, ga ruwa a ƙasa, ga mafita a gindi, zai iya zaton mazubin Ibnul Labbad ne aka ƙera da ƙarfe, har ya ce duk man da ke cikinta wankakke ne. Zaton ba ya tsayawa, domin wankin da wancan malami ya siffanta ya rataya ne ga haɗuwar ruwa da mai ta hanyar girgizawa, ita kuwa tukunyar amincinta ya rataya ne ga kada su haɗu. Ban da haka, ruwan da ke tsarkake najasa a Malikiyya shi ne muɗlaƙi, wato wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya da wani baƙon abu ba, ruwan gindin tukunya kuwa tun suyar farko ƙullu yake jirkita shi. Abin da tukunyar take yi tacewa ne, kuma tacewa tsabta ce da ido yake gani, shi kuwa tsarki hukunci ne na shari'a wanda ba ya bin launi, shi ya sa man da ya yi garau yana iya zama mai najasa, wanda ya yi duhu kuma ya kasance mai tsarki.

Akwai ma'auni na uku da ya fi waɗannan biyun shafar kaskon Safo, wato cutarwa. Man da aka daɗe ana tafasawa yana lalacewa ta hanyar haɗuwa da iska da danshin abinci, yana yin kauri da kumfa da saurin hayaƙi, yana kuma tara gurɓatattun sinadarai waɗanda Faransa ta hana su wuce kashi 25 cikin 100 na man suya. Waɗannan narkakku ne a jikin man, ba sa nitsewa kamar ɓarɓashi, don haka mataci ba ya kama su, ruwan ƙasa ma haka. Irin wannan mai babu najasa a cikinsa, amma ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Imamu Malik ya kawo asalinta a Muwaɗɗa, tana hawa kansa, haka kuma hanin algus, wato ɓoye aibin haja, wanda Imamu Muslim ya rawaito a ƙissar tarin abincin da Manzon Allah ya sa hannu ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama.

Shari'a ba ta rufe ido ga asarar talaka ba, shi ya sa ta bar ƙofar sabulu a buɗe, kuma malamin da aka kai wa tambayar jarkar mai guda ya san cewa Zuhuri da Ibn Taimiyya suna ganin mai ba ya najastuwa sai idan ya sauya. Amma wannan sassauci ya shafi abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, ba ya sauke haƙƙin yaron da ya miƙa kuɗinsa ya karɓi ƙosai ba tare da ya san kwanakin da man ya yi a kan wuta ba. Na'ura tana iya tsawaita kyan mai, malami yana iya bayyana hukuncin tsarkinsa, amma sanin lokacin da ya kamata a sauke shi yana wuyan mai kasko, domin ita ce ta san abin da mai saye bai sani ba.