In Allah Ya San Bukatata, Don Me Zan Roƙe Shi?

Ɗan'uwa, wannan tambaya ta sha damun masu bi. Yesu da kansa ya koya mana cewa Ubanmu ya san bukatarmu tun ba mu buɗe baki ba (Matiyu 6:8). To, ina amfanin addu'a?

Dubi gidanka. Kakan gane ɗanka yana jin yunwa tun bai faɗa ba. Amma a ce yaron nan ya shekara yana cin tuwonka, bai taɓa ce maka "Baba" ba, ai ranka zai ɓaci. Muryarsa kake so ka ji. Haka Allah yake da mu. Addu'a zance ne tsakanin ɗa da Ubansa.

Saboda haka ba sai mai ilimi ba. Hannatu ta roƙi ɗa, leɓunanta kaɗai ke motsi, har Eli firist ya zaci ta bugu. Allah ya ji ta, ya ba ta Sama'ila. 'Yar'uwa, ke ma kina iya yi masa magana da Hausarki, a gindin turmi ko bakin rijiya.

Wani zai ce, "Na roƙa, ban samu ba." Gaskiya ne, hakan yakan faru. A farin 1973 da na 1984 an roƙi ruwa a ƙasar Nijar, duk da haka hatsi ya bushe, dabbobi suka mutu. Manzo Bulus ma ya roƙa sau uku a cire masa abin da ke sukarsa kamar ƙaya. Ba a cire ba, amma aka ba shi alherin jimrewa (2 Korintiyawa 12). Yesu kuma a Gatsemani ya faɗi abin da ke zuciyarsa, sa'an nan ya miƙa kansa ga nufin Uban.

Ka gani, addu'a ba laya ba ce da za a tilasta wa Allah da ita. Mai addu'a yakan faɗi damuwarsa a fili, ya ɗauki hauyarsa ya koma gona, ya bar sauran ga Ubangiji. In kuwa rumbunka da saura, ka lura: wataƙila maƙwabcinka ya kwana yana roƙon abinci, ta hannunka ne Allah zai amsa masa.

Yau da dare, bayan tuwo, ka tara iyalinka. Ku gode, ku furta zunubanku, kowa ya faɗi bukatarsa cikin sunan Yesu Almasihu. Ubanku yana jinku.