Baƙo da Ɗan Jagora

Jama'a, shin taimakon baƙo alfarma ce ko hakki? Tambayar ta shafe mu a Jigawa, domin idan damina ta gaza a Damagaram, 'yan cin rani ta Maigatari suke shigowa, su gangaro Gumel har Dutse. Wasu da mata da yara suke tafe.

Mai ganin alfarma ce yakan bayar ran da ya yalwata, ya kau da kai ran da ya ƙuntata. An ga haka a 1984, lokacin da aka rufe iyakar Nijeriya ana tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari. Amma Musulunci ya sa matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin mutum takwas masu rabo a zakka. Rabo kuwa mai shi ba ya roƙonsa.

To, a nan aikin jami'in jin daɗin jama'a yake. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, saboda haka ɗan jagora yake bukata. Jami'in ya kai shi gaban mai unguwa a san da zamansa. Ya sa 'ya'yansa a firamare, ya nuna wa matarsa asibitin awo. In mai gona ya hana shi kuɗin ƙwadagonsa, ya tsaya masa har a biya.

Kwanon gero kwana biyu yake yi. Wanda aka nuna wa ƙofar hukuma kuwa, gobe da ƙafarsa zai je, har ya raka na bayansa.