Ku Riƙe Alƙalamin, Rayukan Mata Kuke Ƙirgawa

Ɗaliban digiri na biyu da na uku da kuka zaɓi lafiyar mata ta zama fagen bincikenku, sannunku da aiki. Ke ma'aikaciyar jinya da kike tashi daga aikin dare ki zarce ɗakin ajiyar fayil, kina karkaɗe ƙurar katunan marasa lafiya, kina fama da rubutun likita har idonki ya yi ja. Kai ma da albashinka ke ƙarewa a buga takardun tambayoyi da kuɗin mota zuwa ƙauye, da ku nake. Akwai ranar da malami zai dawo da babi na uku jajawur da jan biro, mutum ya zauna yana tambayar kansa ko wahalar nan za ta haifar da ɗa mai ido. Za ta haifar, kuma shaidar tana nan a ƙasarmu.

Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun rubuta bayanin haihuwa 22,774, ɗaya bayan ɗaya, a zamanin da ba wayar hannu ba intanet. Da aka wallafa sakamakon a 1985, sai ga shi ƙarara: mutuwa ta fi afka wa matan da ba su zuwa awo, waɗanda ba a kawo su asibiti sai naƙuda ta yi tsawo ta galabaitar da su, da 'yan mata masu ƙarancin shekaru, da waɗanda ba su samu shiga makaranta ba. Aikin yana cikin waɗanda suka farkar da duniya kafin taron Nairobi na 1987 kan ceton mata masu haihuwa. Cike takardu ne fa, irin wanda kuke yi yau.

Ku dubi kuma zubar jini bayan haihuwa, wadda ta fi komai kashe masu jego a duniya. Shekara da shekaru da ido ake kimanta jinin da mace ta zubar, ido kuwa yana rage lissafi, zanen gado ya sha, ƙasa ta sha, kafin a farga jiki ya yi sanyi. Sai masu bincike suka gwada wata leda da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, mai aljihu a ƙasa da layukan awo a jikinsa. Da jini ya kai layin mililita 500, ungozoma ba ta jiran kowa: a murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin tsayar da jini, a ɗaura ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, duk a tare. An gwada wannan a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, kuma sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin ɗari. Wadda ta jagoranci aikin a Najeriya tamu ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano. Ita ma ta taɓa zama ɗaliba mai jiran malami a bakin ofis.

Kada kuma ku ɗauka magabata sun gama komai. A shekarun 1970 likitocin Zariya sun danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da wankan jego da kunun kanwa, aka daɗe ana karantar da haka. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na asibitin Aminu Kano ya sake buɗe maganar, bincikensa ya nuna talauci da rama da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jiki suna da hannu. Abin da ke cikin littafi ma yana jiran wanda zai sake auna shi.

Aiki kuwa yana nan jibge. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Har gobe ana kai masu yoyon fitsari Babbar Ruga a Katsina da Danja kusa da Maraɗi.

Kuna da abin da baƙo daga Turai ba zai saya da kuɗi ba. Ke da za ki yi sallama ki wuce zaure ki shiga har ɗaka, kin san amarya mai cikin fari za ta ce miki "lafiya lau" alhali ƙafafunta sun kumbura, don kunya ta hana ta magana gaban uwar miji. Kin san ki jira Inna ta fita tsakar gida, ki matso, ki rage murya, ki ce, "Ƙanwata, faɗa mini gaskiya, kanki na ciwo?" Wannan amsar ita ce binciken.

Saboda haka ku riƙe amana. Takardar da ba a cike ba a bar ta haka, kada gajiya ko ƙurewar lokaci ta sa ku cike ta a ƙarƙashin bishiya da abin da ba wanda ya faɗa muku, domin wata rana da lissafinku za a yanke shawarar inda za a kai jini da magani. In kun kare kundinku an yi hotuna, ku koma garin da kuka yi tambayoyin. Ku tara ungozomomi da mazaje da liman da mai unguwa, ku gaya musu abin da kuka gano, da Hausar da suka amsa muku da ita.