Bashi Mai Rai Da Bashi Matacce A Littafin Kamfani

 A wannan mako za mu leƙa ofishin akawu, saboda wata tambaya da wani tsohon almajirina ya zo mini da ita. Na koya masa Larabci yana yaro, yanzu kuwa shi ne akantan wani kamfani mai rarraba kayan masarufi ga diloli. Ya ce da ni: "Malam, ƙa'idodin aikinmu ba su zama wuri ɗaya. Ga wata sabuwa ma an fito da ita a 2024, ana kiranta IFRS 18, an sa 1 ga Janairu 2027 ranar fara aiki da ita. Sau da yawa in an sake ƙa'ida sai ribar da muke nunawa ta sake, alhali kaya su ne kayan, ciniki shi ne cinikin. To, lissafin da muka yi jiya ƙarya ne? Kuma in na bi ƙa'ida daidai, na kuɓuta wurin Allah?"

Tambayar tana da nauyi, amma ba za ta fahimtu ba sai mun san abin da ƙa'idodin nan suke yi. Wata hukuma ce mai zama a London take tsara su, kamfanonin Nijeriya da ke cikin kasuwar hannun jari kuma suka fara binsu a 2012, ƙarƙashin kulawar majalisar da dokar 2011 ta kafa domin sa ido kan rahoton kuɗi. Ita IFRS 18 galibin aikinta jera bayani ne: ta tilasta wa kowane kamfani ya nuna ribar ainihin sana'arsa dabam, ya kuma bayyana yadda ya lissafa duk wani adadin riba da shugabanninsa suka ƙago suna alfahari da shi. Wadda ta taɓa aljihu sosai ita ce IFRS 9, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2018, kuma a kanta zan tsaya, don batun bashi take yi.

A tsohon tsari, wanda yake bin bashi ba ya rubuta hasara sai wata alama tabbatacciya ta bayyana, kamar a ce wanda ake bi ya kasa biya ko ya karye. Da masifar tattalin arziki ta 2008 ta auku, sai aka ga bankunan duniya sun daɗe suna nuna basussuka masu rai a takarda alhali sun mutu. Sabon tsari sai ya ce tun ranar da ka ba da bashi ka ƙiyasta abin da kake zaton zai salwanta, ka cire shi daga riba. Banki yakan fara da ƙiyasin wata goma sha biyu. In hatsarin ya ƙaru ƙwarai, alal misali biya ya yi jinkirin fiye da kwana 30, sai ya ƙiyasta hasarar dukan wa'adin. In ya kai kwana 90 kuwa ana ɗauka bashin ya lalace. Kamfanin ciniki irin na almajirina an sauƙaƙa masa, ya ƙiyasta na dukan wa'adi tun farko. Shi ya sa a 2018 jarin bankuna da dama ya ragu a takarda dare ɗaya, ba tare da ɓarawo ya shiga ba.

To, lissafin jiya ƙarya ne? Ni ban ga haka ba. Ƙa'idar lissafi mudu ce. Mudun wata kasuwa ya fi na wata girma, kuma babu zalunci matuƙar mai saye da mai sayarwa duka sun san da wane mudu ake awo. In sarkin kasuwa ya sake mudu yau, cinikin jiya bai ɓaci ba. Malamanmu sun daɗe da yarda cewa al'adar mutane abin komawa ce a irin wannan wuri. Saboda haka akawun da ya auna da tsohon mudu, bisa iyakar saninsa, ya kuma faɗi mudun da ya yi amfani da shi, babu laifi a kansa.

Tambaya ta biyu ita ce mai wuya, kuma a nan na saɓa wa waɗanda suke cewa aikin akawu bin doka ne kurum. Mu ɗauka akawu ya san wani dila ya karye, rumbunsa ya zama wayam, amma wa'adin biyansa bai zo ba tukuna. Sai ya yi shiru. Shin shirun nan halal ne? Mai sayen hannun jari ba ya ganin rumbu, ba ya ganin dila, takardar nan kaɗai yake gani, a kanta yake zuba kuɗinsa. Ashe kuwa takardar ta zama kamar saman tarin hatsi. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin wani tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Mutumin nan bai faɗi ƙarya da bakinsa ba. Jera kayan kawai ya yi yadda ido zai ruɗu. A fiƙihu wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani ko da ba a tambaye shi ba, kuma ban san wata hukuma a duniya da za ta ɗauke masa wannan wajibi ba.

Ba daga littafi kaɗai nake magana ba. Ina cikin dubban ƙananan ma'aikatan da suka kwashi ɗan abin da suka tara suka sayi hannun jarin banki kafin 2008, don rahoton kowace shekara riba yake nunawa. A watan Agusta 2009 Babban Bankin Nijeriya ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu naira miliyan dubu 420, a 2010 kuma aka kafa AMCON domin ta saye ruɓaɓɓun basussuka. A lokacin da ƙa'idodinmu na gida ake aiki, kuma rahotannin nan duk da sa hannun masu bincike suka fito. Takardar hannun jarina tana nan cikin akwati, ba ta isa sayen ragon layya ba.

Wani zai ce ai ƙiyasta hasarar da ba ta auku ba shiga gaibu ne, kuma munana zato ne ga Musulmi. Wannan shubuha ce mai rauni. Ɗalibin da ya karanta babin zakka a mazhabar Malikiyya ya san hukuncin ɗan kasuwa mai juya kaya, wanda ake kira mudir. Kowace shekara yakan yi wa hajarsa kima. Bashin da yake bi, in wa'adinsa ya yi kuma yana sa ran samunsa, sai ya lissafa shi da adadinsa. In wa'adi bai yi ba, ya yi masa kima. Wanda ya fid da rai da shi kuwa ba ya lissafa shi sai ya zo hannu. Ka ga tun ƙarnoni da yawa malamai sun raba bashi bisa rinjayen zato, ba su jira tabbas ba. Kuma rubuta ƙiyasi ba yafe bashi ba ne, ba tozarta wanda ake bi ba ne. Umurnin da ke cikin Suratul Baƙara na a saurara wa wanda ke cikin ƙunci yana nan daram. Kana iya yi wa mutum haƙuri shekara guda, amma ba ka da ikon gaya wa abokan tarayyarka cewa kuɗin kamar suna hannu.

Sai dai fa kada a zaci sabuwar ƙa'ida ta toshe ƙofar ha'inci. Ta toshe ɗaya, ta buɗe wata, mai yiwuwa ma wadda ta fi faɗi. Dā ana tambayar akawu abin da ya auku, yanzu ana tambayarsa abin da yake zato, zato kuwa a ƙirji yake. Wanda ya ga dama ya ce kashi biyu cikin ɗari za su salwanta, wani ya ce kashi takwas, kowa da lissafin da zai kare kansa. A bashin naira miliyan 500, tazarar nan naira miliyan 30 ce, ta isa ta mai da hasara riba, ta sa manaja ya sami ladan ƙarshen shekara. Akwai kuma masu kumbura ƙiyasi a shekarar yalwa su ɓoye riba, su sako ta a shekarar fari don a ce kamfani bai girgiza ba. Wannan ma tauye mudu ne, domin wanda ya sayar da hannun jarinsa a shekarar farko an rage masa haƙƙinsa. Ayar bashi, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ba rubutu kaɗai ta nema ba, adalcin marubucin ta sharɗanta. Mai bincike yana iya duba lissafi, amma ba ya iya duba ko adadin da ka rubuta shi ne wanda ka yi imani da shi.

Da muka kai nan sai almajirina ya fito da abin da ya kawo shi. Akwai wani babban dilansu da ya durƙushe, manaja kuma ya shirya da shi ya riƙa kawo ɗan abin da bai taka kara ya karya ba kowane wata, don bashin ya ci gaba da zama cikin sahun masu rai har a rufe littafin shekara. In aka rubuta gaskiya ribar bana za ta tafi, mai yiwuwa aikinsa ma ya bi ta, ga shi da iyali. Ban raina tsoronsa ba, ni ma albashi nake ci. Na ce masa ya rubuta ƙiyasin da zuciyarsa ta natsu da shi tare da hujjojinsa, ya miƙa wa manaja a rubuce, ya ajiye kwafi. In aka ƙi, ya kai wa kwamitin binciken kuɗi na kamfanin, kada kuma ya sa hannu a kan adadin da ya san ba haka yake ba. Ya yi shiru wani lokaci, sa'an nan ya tambaye ni ko ya halatta ya fara neman wani aikin kafin ya miƙa takardar. Na ce ya halatta.